Korarren da Ya Koyar da Unguwa Kalma Ɗaya

Kafin motocin kamfanin ɗinki su fara buga hon a bakin titi, Don Ovidio Banegas ya riga ya share ƙofar gidansa. Na sani ne saboda kantina yana fuskantar gidan, ni kuma ba don shan iska kaɗai nake buɗe taga ba. Idan ya gama shara sai ya fito da bencuna ya jera a gindin mangwaron da mahaifiyarsa ta shuka, ya jingina allonsa da bishiyar. Allon ma ba allo ba ne, ƙofar wani tsohon firji ce ya shafe da baƙin fenti. Daga nan sai ya tsallako wurina ya karɓi kofi ba sukari, ya shanye a tsaye.

"Doña Digna, an kwana lafiya?"

In ce lafiya lau. Yawancin safiya iyakar hirarmu ke nan, yau fiye da shekara ashirin. Sai ya koma, ya ɗauki alli, ya rubuta wata 'yar kalmar Turanci a saman allon, wadda yanzu ko kajin unguwarmu sun gane ta: get.

Ƙarshen watan nan zai ajiye allin. Likita ya ce maƙogwaronsa ya ji jiki, idan ya ci gaba da ɗaga murya zai wayi gari babu ita. Kwamitin unguwa ya ga ya dace a rubuta wani abu a kansa tun yana raye yana ji, aka ɗora mini. Shugaban kwamitin ya ce idan Digna ta yabi mutum kowa zai yarda, tunda ko mijinta sai da aka binne shi ta ce yana da kirki. To, zan faɗi abin da na gani, da abin da waɗanda na yarda da idonsu suka gani. Wanda ban sani ba zan ce ban sani ba, kuma yana da yawa.

Jirgin da ke kwaso waɗanda Amurka ta koro ne ya dawo mana da shi. Ya shigo unguwarmu ta bakin kogi, nan El Progreso, da rana tsaka, da 'yar leda a hannu, takalmansa ba igiya. Ya bar nan yana saurayi, ya dawo da furfura a gefen kunne. Mahaifiyarsa ta daɗe da rasuwa, gidan a kulle, sai da ya ɓalle kwaɗon da dutse. Sifaniyancinsa ma ɗingishi yake yi, sai ya tsaya tsakiyar magana yana lalubar kalma kamar wanda ya yar da allura. Abin da ya fi tsaya mana a rai kuwa rigarsa ce. Doguwar hannu, maɓalli a rufe har wuyan hannu, ko da a zafin da kwalta ke narkewa. A wurinmu namijin da ke ɓoye damtsensa an san me yake ɓoyewa: zanen 'yan daba. Mako bai zagayo ba sunansa ya ɓace, ya koma Korarre.

Kada mai karatu ya ce muna da mugun hali. Mu mutane ne da muka ga wanda ya tare mu da fara'a ranar Litinin ya nuna wa 'yan daba ƙofarmu ranar Juma'a. Mun ga fasto ya kwashe kayan coci ya gudu, mun ga mai kaki yana cin abinci kwano ɗaya da wanda ya kamata ya kama. Fada yana yawan gaya mana a coci cewa zato zunubi ne. Fada ba shi da kanti a bakin titi.

Ɗalibansa na farko su ne Marlon direban tasi da wasu mata biyu masu aiki a kamfanin ɗinki. Ba mu san yadda aka yi suka fara ba, mun dai fara jin tsawa daga gindin mangwaro. Korarre ya daka wata kalma, manyan mutane su durƙusa. Ya daka wata, su miƙe. Ya daka wata, su fice daga tsakanin bencuna da gudu. Kowace tsawa kuma da get take farawa. Doña Tomasa, mai soya kaza da ayaba a kan kwana, ita ta fara yanke hukunci. Ta ce wannan ba karatu ba ne, horo ne. Yaron masu tsallakar da mutane iyaka ne, yana shirya musu kaya. Wasu suka ce a'a, ɗan leƙen asirin 'yan sanda ne. Wani tsoho ya ce sabon coci ne, a jira a ga lokacin da za a fara zagayawa da faranti.

"Ke Digna, ki duba mana," in ji Tomasa, tana juya kaza a mai. "Wane irin malami ne zai shekara a kan kalma ɗaya? Ko dai ita kaɗai ya iya, ko kuwa alama ce tsakaninsa da wasu."

Ni ba na son jita-jita idan ƙafata za ta iya kai ni. Na ɗauki kwando na tsallaka, wai na zo roƙon mangwaro. Ya ce in tsinka, bai ko dube ni sau biyu ba. Na daɗe ina tsinkar mangwaron nan, har da ɗanye.

Abin da na ji shi ne, shi ma zargi yake koyarwa, sai dai kalmar yake zargi. Ya ce musu wannan kalma munafuka ce, ba ta da fuska ɗaya. Idan ta tsaya kusa da abu, tana nufin ka samu abin. Idan ta tsaya kusa da wuri, ka isa wurin. Idan kusa da yanayi ce, gajiya ko ciwo ko fushi, to ka shiga yanayin. Idan kuwa wata 'yar mitsitsiyar kalma ta biyo bayanta, to ta sake riga gaba ɗaya: ta zama tashi, ta zama fita, ta zama sauka, ta zama warkewa, ta zama tserewa. Turawa kuma, in ji shi, ba sa iya haɗiye yawu ba su faɗe ta ba. Wanda ya kama ta ya kama rabin maganarsu, wanda ta kuɓuce masa kuwa ko ya haddace ƙamus kurma ne.

"Kada wanda ya sake tambayata ma'anarta," ya ce. "Ba ta da ita. Ku duba wa ke tsaye kusa da ita, shi zai tona mata asiri."

Ba ya ba da jimla a haddace. Kowa sai ya gina tasa daga abin da ya yi a ranar. Marlon ya miƙe yana so ya ce ya tashi da asuba, sai ya musanya 'yar kalmar da ke biye, ya ce ya tsere da asuba. Don Ovidio ya tambaye shi cikin natsuwa ko matarsa ta sani, kuma daga gidan wa. Matan nan biyu suka yi ta dariya har ɗaya ta faɗo daga benci. Marlon ya ce ai ya gane, a wuce. Malamin ya ce ba za a wuce ba, sai ya sake ta, ya kuma sake ta, ya juya ta zuwa jiya, ya juya ta zuwa gobe, ya mai da ita tambaya. Marlon yana gumi kamar mai tura mota.

Na koma na ba Tomasa rahoto. Ta ce ai dama ba zai yi abin a gabana ba.

Shekaru suka yi ta tafiya, bencuna suka ƙaru. 'Yan mata da ke lanƙwashe a kan keken ɗinki tun safe har yamma suka fara samun aiki a kamfanonin amsa waya a birnin San Pedro, suna zaune cikin sanyi suna lallashin Turawan da injin wankinsu ya lalace. Wasu samari suka shiga jiragen ruwa na 'yan yawon buɗe ido. Marlon ya zama shi ake kira idan baƙo ya sauka a filin jirgi. Korarre ya fara komawa Profe, wato Malam, a bakin waɗanda suka zauna a bencinsa. Amma a bakin sauranmu kowace nasara sabon dalili ce. Me yake samu? Bai taɓa yanke wa kowa farashi ba, mai wake ya kawo wake, mai ƙwai ya kawo ƙwai, wanda ba shi da komai ya zauna. Mutumin da ba ya neman abinka, to akwai mai biyansa a wani wuri. Haka muka lissafa. Kuma gaskiya ne, cikin ɗalibansa akwai waɗanda suka ɗauki jaka suka bi hanyar Amurka ta ƙasa. Bai taɓa ce wa kowa tafi ba, bai taɓa cewa kada ka tafi ba. Wanda ya raɗa masa cewa zai tafi, sai ya tsayar da shi bayan an tashi, ya ƙara masa wasu jimloli. Wannan mun gani da idonmu, kuma bai yi mana daɗi ba.

Cikin waɗanda aka tsayar har da Nery, ɗan Tomasa. Magini ne, da matarsa Dilcia da jaririya, aiki kuma ya yi wuya. Uwar ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ta ce idan ya zauna a bencin Korarre ba ita ta haife shi ba. Ya zauna. Bayan 'yan watanni ya tafi. Ya yi ta kira daga hanya, daga wannan gari zuwa wancan, har ya ce gobe za su shiga hamada. Daga nan shiru. Tomasa ta daina kunna rediyo a wurin suya. Kullum wayarta tana cikin aljihun gaban riga, tana taɓa ta kamar mai ciwon ƙirji.

Wata Asabar da hantsi saƙon murya ya shigo daga lambar waje. Muryar mace ce, da Turanci, da sauri. Ba wanda ya tsinci komai sai sunan Nery da kalmomin farko: "We got him." Dilcia ta sa wayarta ta fassara su, wayar ta ce: yana hannunmu.

Babu gidan da bai san irin wannan kira ba a unguwarmu. Haka masu garkuwa da mutane suke farawa, daga nan su faɗi abin da za a aika, daga nan su turo hoton yatsa. Wani ya tambaya me zai sa su yi Turanci. Wani ya amsa cewa don sun san akwai mai fassara musu a unguwar. Sai kuma wata ta ce, to wa ya ba su lambar Tomasa? Ba wanda ya ambaci suna. Kawai na ga kawuna suna juyawa wuri ɗaya.

Na rufe kanti na bi su. Tomasa ce a gaba, da cokalin suya a hannu, ba ta ma san tana riƙe da shi ba. Dilcia na biye da goyo. A baya akwai maza da suka taso daga gonar ayaba da addunansu. Ba su ce don shi suka riƙo ba, amma ba su ajiye a gida ba. Ajin Asabar yana zaune, shi yana tsaye a gaban allo. Ƙofar ɗakinsa tana buɗe a bayansa, taku kaɗan ne. Na zuba ido in ga ko zai waiwaye ta. Bai waiwaya ba.

"Kai ka sayar mini da ɗa," in ji Tomasa. Ba ta ɗaga murya ba, shi ya fi ban tsoro.

Ya ce bai san inda Nery yake ba, amma a bar shi ya ji saƙon. Ta ƙi sakin wayar, ta riƙe ta kusa da kunnensa da kanta. Ya saurara har ƙarshe. Fuskarsa ta sauya, ya zauna a bakin benci ya rufe ido. Na ji wani a bayana yana cewa ga shi nan, jikinsa ya ba shi. Addunan suka matso.

Ya buɗe ido ya dubi Tomasa. "Doña Tomasa, idan na gaya miki abin da matar nan ta ce, za ki yarda?"

"Ko ka dafa Littafi Mai Tsarki."

"Kin yi daidai. Da ni ne ke, ni ma ba zan yarda ba. To a cikin waɗanda ke zaune nan, wa kika yarda da shi?"

Tomasa ta bi bencunan da kallo. A na ƙarshe, tana ƙoƙarin ɓuya a bayan wani, ga Suyapa, 'yar ƙaninta, wadda ta goya tun da uwarta ta rasu. Mai ɗinkin wuyan riga ce a kamfani, kuma ashe ta daɗe tana zuwa ajin Asabar gwaggonta ba ta sani ba. Wannan faɗan aka ajiye shi sai wata rana. Tomasa ta miƙa mata wayar.

Don Ovidio ya tashi ya tafi can jikin katanga, ya juya mana baya, ya haɗa goshinsa da bulo, don kada wani ya ce ya yi mata inkiya da ido. Ya bar bayansa ga masu adda. Ni wannan ne abin da na kasa mantawa.

Suyapa ta kunna saƙon. Ta saurara sau ɗaya ta ce, "Profe, ba zan iya ba, tana sauri."

Bai juyo ba. "Ba duka za ki kama ba. Nemi kalmarmu, ki duba wa ke tsaye kusa da ita."

Ta sake kunnawa, ta tsayar, ta mayar baya. Ta ce ta farkon ba ta da tabbas, tana iya zama mun kama shi, tana iya zama mun tsince shi, sai an ji na gaba. Wani ya yi tsaki. Ta ci gaba. Ta biyun tana tsaye kusa da ɓata: ya ɓata a hanya. Ta ukun tana kusa da ciwo: ya kamu da rashin lafiya, kuma ta ji an ambaci ruwa da rana. Ta huɗun ta sa ta maimaita har muka gaji, leɓenta yana motsi, sannan ta ɗago.

"Gwaggo, cewa ta yi getting better. Yana samun sauƙi. Ta ƙarshen kuma roƙo ne, wai a kira ta. Gwaggo, ɓarawon mutane ba ya cewa don Allah."

Ɗaya daga cikin masu adda ya ce wayo ne, haka suke jawo mutum. Ni ma a raina na ce zai yiwu. Tomasa ta ce to a kira, a buɗe murya kowa ya ji, kuma Suyapa ce za ta yi magana, wancan ya ci gaba da kallon katanga.

Aka kira lambar, aka ɗauka. Suyapa ta gina jimlarta, ta farko da ta taɓa faɗa wa Baturiya a rayuwarta. Ta ce sun sami saƙo, ta tambaya ko za a iya haɗa su da Nery. Matar ta rage sauri da ta ji da wa take magana. Nas ce a wani ƙaramin asibiti kusa da iyaka. Masu ajiye jarkokin ruwa a hamada don matafiya su ne suka tsince shi a gindin wata ƙaya, waɗanda ya biya su kai shi sun bar shi da ya kasa tafiya. Ya yi kwanaki bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo, harshensa a kumbure, lambar uwarsa ya yi ta maimaitawa har aka rubuta. Mai yi musu tafinta ba ta zo aiki ba ranar, nas ɗin kuma ta ga bai kamata uwa ta ƙara kwana ba labari.

Sai muka ji wata murya a shaƙe ta ce, "Mama."

Dilcia ta zube ƙasa da goyonta. Tomasa kuwa ko gezau. Ta karɓi wayar ta ce murya ana kwaikwayonta. Idan shi ne, ya faɗi sunan da kakarsa take kiransa da shi.

Sannan muryar ta ce, "Haba Mama, a gaban mutane?"

"Faɗi."

"Kwaɗo."

Nan cokalin suya ya faɗi. Ban taɓa ganin Tomasa tana kuka da sauti ba sai ranar.

Masu adda suka tuna da aikin da suka baro a gona, suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ba da haƙuri, kada in ƙara gishiri. Da Tomasa ta share fuska, ta dubi bayan mutumin da har lokacin yake fuskantar katanga, ta ce, "Wannan karon ka fita." Ta ja Suyapa da kunne suka tafi. Shi kuma ya dawo gaban allo ya ce a ci gaba daga inda aka tsaya. Allin ya karye a hannunsa, ya ɗauki guntun ya rubuta da shi.

Nery ya dawo bayan wani lokaci, a irin jirgin da ya kawo malaminsa. Shi ne ya kafa rumfar kwanon da ke kan bencunan yanzu, don ruwan sama ya daina korar aji.

Bayan abin ya lafa, wata safiya na riƙe kofin ban miƙa masa ba. Na ce yau sai ya gaya mini me ya haɗa shi da wannan kalma. Ya ce yana da ƙane, Fermín, wanda ya bi shi can. Suna aikin haƙa ramin bututu a wani gari mai sanyi. Fermín bai iya Turanci ba, shi ne yake koya masa kaɗan-kaɗan a hanyar zuwa aiki. Ya koya masa cewa get back tana nufin dawo, domin ita heluma, shugaban aikin, yake faɗa idan an gama hutun cin abinci. Wata rana Fermín yana fitowa daga ramin, heluma ya hango bango yana tsagewa, ya daka masa tsawa da wannan kalma, yana nufin ja da baya, yi nesa. Fermín ya ji an ce dawo. Yaro ne mai biyayya, ya juya ya koma.

"Ma'ana ɗaya na ba shi, Doña Digna," ya ce. "Na ce masa ta isa."

Ya karɓi kofinsa ya shanye ya tafi.

Ban ɗauki labarin haka kawai ba. Akwai wata ƙanwar mahaifiyarsu a garin Tela, na sa aka tambaye ta. Ta tabbatar an yi Fermín, kuma a akwati aka dawo da shi, ƙasa ta rufta masa a wurin aiki. Sauran bayanin shi kaɗai ya sani, shi da Allah. Dalilin korarsa ma har yau baki bai zo ɗaya ba. Wasu sun ce dukan heluman ya yi, wasu sun ce takardunsa ne suka mutu, wasu sun ce abin ya fi haka. Bai taɓa faɗa ba. Damtsensa kuwa babu wanda ya taɓa gani, har da nas ɗin unguwa, wadda ta ce a bayan hannu yake miƙa mata idan za ta ɗebi jini.

Don Ovidio, bari in juyo gare ka, tunda na san Suyapa za ta karanta maka wannan, ka yi kamar ba ka ji. Kai ne ka zauna shekara da shekaru a tsakiyar idanun da ba su ƙaunarka, ba ka tashi ka bar mana unguwa ba, ba ka kuma bi gida-gida kana wanke kanka ba. Kai ne wanda ba ka taɓa cewa mu yarda da kai ba. Duk wanda ya cuce mu a unguwar nan da "ku yarda da ni" ya fara: mai tsallakarwa, mai neman ƙuri'a, mai maganin da ke warkar da komai. Kai kuwa sai ka ba 'ya'yanmu kunnen da za su ji da kansu, don kada su rataya ransu a bakin tafinta, ko da kai ne tafintan. Ranar da ranka yake kan siraɗi, amsar tana bakinka, ka haɗiye ta ka bar wa mai ɗinkin wuyan riga. Gatarin saran kurumta, mangwaro mai jifa ya sha, mai zargi ya sha. Iyakar kirarin da zan yi maka ke nan, ba sana'ata ba ce.

Suyapa ce za ta karɓi ajin. Yanzu ita ke horar da sababbin ma'aikata a wani kamfanin amsa waya, amma ta ce Asabar da Lahadi na gindin mangwaro ne. An ce ta fi shi tsanani. Ranar da kwamiti ya kira taron sallama, Tomasa ta ce ba za ta zo ba, tana da ciniki. Ana tsakiyar jawabi sai ga ta da tire, kaza da soyayyar ayaba har da miyar kabeji, ta dire a gabansa.

"Har yanzu ban san ko kai wane ne ba," ta ce.

Ya ce ya sani.

"To ci, kafin ya huce."

Mun gode, Profe. Iyayen da 'ya'yansu ke cin abinci da abin da ka koya musu sun gode, matan da ba sa jiran wani ya karanta musu saƙon mazajensu sun gode, ni ma da ban taɓa zama a bencinka ba na gode. Allah ya ba maƙogwaronka lafiya, ya ji ƙan Fermín.

Saura ku da jirgi yake ta saukewa kowane mako. Kowannenku ya dawo da wani abu da ba a iya ƙwacewa a filin jirgi: wani gyaran wuta, wani aikin katako, wata jinyar tsofaffi, wata harshe. Za mu zarge ku, ba zan yi muku ƙarya ba, ba mu da wata katanga sai zargin. Amma ku fito da bencinku duk da haka, kamar yadda mutumin nan ya yi. Mu kuma 'yan unguwa, ban ce mu rufe ido ba. Cewa na yi mu matsa kusa, inda ido zai ga abin da ake yi, kunne ya ji abin da ake faɗa. Zargi daga tsallaken titi ba ya ƙarewa, kuma ya kusa sa mu zubar da jinin da ba za mu iya kwashewa ba.

Akwai wata mata da aka sauke bara, Lastenia, tana zaune a gidan da ke bayan famfon unguwa. An ce ta yi shekaru tana kula da tsofaffi marasa lafiya a can. Ba ta fita sai sayen gishiri. An riga an fara raɗa a kanta, na sani, domin a kantina ake yi. Mu kuma ga Don Chepe kwance tun da jikinsa ya shanye, bayansa duk gyambo, 'yarsa ba ta san yadda ake juya shi ba. Jiya da yamma na rufe kanti na je na ƙwanƙwasa mata. Ta leƙo ta tsakanin ƙarafan taga ta tambaye ni wa ya aiko ni. Na ce ba kowa, na gaya mata abin da ke tafe da ni. Ta daɗe tana auna ni daga sama har ƙasa, da irin kallon da na sani sarai. Na tsaya na bar ta ta gama. Can sai na ji tana zare sakata.